Maganar Rakiya Ba Ta Shiga Rikoda

Anti Rifkatu ce ta ce in rubuta muku wannan, tunda ranar da aka tara ku a ofis na miƙe zan yi bayani murya ta ƙi fita. Kun ga na koma na zauna, wataƙila kun ɗauka kunya ce. Ba kunya ba ce. Wani ne ya tayar da babur a gindin taga, ni kuma tun daminar bara haka nake da ƙarar babur. Zan zo kan wannan. Kafin nan, na ji ɗaya daga cikinku, mai jan hijabi, tana ce wa ta kusa da ita, "Wannan ai ba aiki ba ne, hira ce kawai. Ki zauna a tabarma ki danna abu." Ban ji haushi ba, ni ma abin da na ce ke nan da farko. Sunayen mutanen unguwa da za ku gani a nan duk na canza su, kamar yadda ku ma za a koya muku.

Ni ban karanci aikin walwalar jama'a ba. Sakandare na gama, na zauna a gidanmu a Rafin Guza ina taya Umma ƙulla zoɓo da ƙanƙara. Ta ƙofar masu neman taimako na shigo ofishin nan, kamar yadda kuka shigo. Yayana Nura ne ya faɗa shaye-shaye, daga maganin tari ya koma ƙwaya, har ya kwance fankar ɗakinmu ya sayar. Wata maƙwabciya ta kwatanta wa Umma taron da Anti Rifkatu, ma'aikaciyar ofishin, take yi duk wata da iyaye mata masu fama da irin wannan. Ni nake raka Umma, in zauna a baya ina riƙe mata jaka.

A taron ne wata rana Anti ta zo da Dakta Bashir, malamin jami'a. Ya ce yana son a yi bincike a kan yadda iyalai suke rayuwa da ɗa mai shaye-shaye, da irin taimakon da ya kamata ofis ya riƙa bayarwa. Maman Joy, wata tela daga Badarawa wadda bakinta ba birki, ta ce, "Dakta, an sha zuwa. A tambaye mu, mu yi kuka, a ba mu lemo, a tafi. Ko ƙeyarsu ba mu ƙara gani."

Ya ce shi ya sa ya zo da magana dabam. Yana son matan su zauna da shi a tsara tambayoyin, wasu daga cikinsu su shiga gidaje su yi tambayar, in an tattaro a duba tare, kuma ba abin da zai fita sai da yardar kwamitinsu. Umma ta ce, "Ni dai ban yi boko ba. Ga Ruƙayya nan, ta gama sakandare tana zaune tana cinye min ƙanƙara." Haka aka ɗauke ni aiki, ana dariya.

Aikin farko shi ne tsara tambayoyi, sai da muka yi makonni a kai. Ta farko a takardar Dakta ita ce, "Yaushe ɗanki ya fara shaye-shaye?" Maman Joy ta ce ba uwar da ta san wannan, in ma ta sani ba za ta faɗa wa baƙuwa tun tabarma ba ta yi ɗumi ba. Ta ce a tambaya, "Mene ne abu na farko da kika fara ɓoyewa a ɗaki?" Kafin ta rufe baki mata sun fara amsawa. Wannan ta ce dutsen guga, waccan ta ce sarƙar aurenta, Umma ta ce mukullin firji. Dakta ya soke tasa ya rubuta tata. Amma kada ku ɗauka kullum mu ne da gaskiya. Mu mata mun dage a sa tambayar "Wa yake sayar masa?" Ranmu a ɓace yake, so muke a kama su. Dakta da Anti suka ƙi ƙememe. Anti ta ce, "Mu ba 'yan sanda ba ne. Ranar da aka ji muna tambayar wannan, ƙofofi za su rufe, kuma wadda ta riƙe rikoda ita za a fara nema." Muka yi ta gunaguni. Ku riƙe wannan maganar ta Anti.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai rikoda, ba ta kai tafin hannu ba, da batir na ko-ta-kwana, don wadda ta yi kuka sau ɗaya ba za ki ce mata ta maimaita ba. Akwai takardar neman yarda, wadda ba miƙawa ake yi ba, karantawa ake yi da baki a hankali, har wurin da aka ce matar tana iya cewa a tsaya ko a goge, da wurin da aka ce in mun ji ran wani yana cikin haɗari dole mu gaya wa Anti. Kada ki tsallake wannan don kina jin nauyi. Sai hijabi ko mayafin da ba ya ɗaukar ido, da takalmin roba, saboda lungunan Rafin Guza da damina ba su san takalmin gayu ba. Rikoda a kan tsumma ake ajiye ta, nesa da turmi, in ba haka ba daka za ki kwaso ki bar magana. Sannan kowace rana, kafin ki koma gida, sai kin biya ofis Anti ta kwashe muryoyin ta zuba a kwamfuta ta goge na rikodar. Na sha ƙorafi a kan wannan, don ratse ne mai nisa. Yanzu na daina.

Gidan farko da na yi tambaya da bakina a Badarawa yake, Anti na zaune a gefe. Matar ma'aikaciyar gwamnati ce, falonta tsaf, ta kawo mana lemo a faranti. Na yi tambayar farko, ta yi shiru. Shirun ya dame ni, sai na ce bari in sauƙaƙa mata, na kama ba ta labarin Yaya Nura. Na ba ta na fanka, na ba ta na ranar da aka tsinto shi a kwata. Ta yi ta cewa, "Allah sarki, sannu." Muka tashi, ita ce ta yi min jaje. A cikin keke Anti ta ce, "Ruƙayya, sannu da ƙoƙari. Yau an samu labari mai kyau. Saura na matar." Na ce ai don ta san ni ma 'yar gida ce. Ta ce, "Faɗa mata sau ɗaya, a taƙaice, ya isa ya buɗe miki ƙofa. In ta yi shiru, magana take nema. Ke sha lemonki." Watanni na yi ina bin ta kafin ta bar ni in shiga gida ni kaɗai, kuma abin da na fi daɗewa ina koyo shi ne shan lemon nan.

Za ku haɗu da mata iri-iri. Akwai 'yar alhamdulillahi, ko me kika tambaya amsar ke nan. Akwai wadda mijinta zai zo ya zauna a bakin ƙofa yana gyaran rediyon da ba abin da ya same shi; ranar sai ki yi gaisuwa ki sa wata rana. Akwai kuma wadda za ta kore ki. Gwaggo Asabe, wata tsohuwa mai daddawa a bayan layinmu, ko tabarma ba ta shimfiɗa min ba. Ita ta riƙi jikanta tun yana goye, kowa kuma ya san halin da yake ciki. Ta ce, "Mu a gidan nan lafiya lau muke. Ki gaida uwarki." Na ce za ta ji. In an kore ki, fita da fara'a, gobe za ku haɗu a gidan suna. Su Dakta in sun gama mota suke shiga. Mu a nan muke kwana.

Yanzu rakiya. Kun san ba a barin baƙuwa ta fita ita kaɗai. Kina kashe rikoda, matar gida za ta ja mayafi ta ce, "Bari in taka miki." To, nan ne ake maganar. Wadda ta wuni tana alhamdulillahi a ɗaki, a zaure za ta riƙe miki hannu ta fara. A tafe ba a kallon ido, ba kunnen yara, ba jar fitilar rikoda. Har na iya gane nauyin magana daga tsawon rakiya. Wadda ta tsaya a zaure, ƙarama gare ta. Wadda ta bi ki har kwanar layi, ta ce za ta juya amma ba ta juya ba, rage sauri.

Da muka kai wannan gaban kwamiti Dakta ya damu, don mafi nauyin bayanin a hanya yake zubewa. Aka yi muhawara, a ƙarshe mata suka yanke cewa maganar rakiya ta mai ita ce. Ba a rubutawa. In kin ga tana da amfani, ki koma wata rana ki ce, "Abin nan da kika gaya min a hanya, kin yarda ya shiga?" In ta ce e, ta maimaita da bakinta. In ta ce a'a, ki haɗiye.

Inna Mairo mai waina ce, ba nisa da layinmu. Na tambaye ta kafin in sa wannan a takarda, ta ce in faɗa muku. Ɗanta Auwal sa'an Yaya Nura ne, tare suka yi firamare, tare suka faɗa. Na je gidanta da hantsi bayan ta sauke tanda. A ɗaki 'yar alhamdulillahi ce. Ina kashe rikoda sai hadari ya haɗo, na miƙe da sauri, jaka a kafaɗa, rikoda a hannu. Ta ce bari ta taka min. Muka wuce zaure, muka wuce kwana. Na ce, "Inna, ki koma, ruwa zai sauko." Ta ce, "Mu je dai." Ba ta bi da ni ta titi ba, sai ta ratsa ta bayan wani kango inda samari suke zama a rumfar kwano. Daidai wurin ta tsaya cak. Ba ta nuna da baki ba, yadda manya suke yi in suna son sirri. Hannu ta ɗaga, da yatsa.

"Kin ga nan? Nan suke kashe min ɗa. Ki gaya wa masu aiko ki."

Da ƙarfi ta faɗa. Na ce, "Inna, sauke hannunki don Allah." Samarin sun daina hira. Abin da suka gani shi ne dattijuwa tana nuna su, da yarinya riƙe da na'ura. A kashe take, amma wa zai gaya musu? Ka'ida ke nan: rikoda ta shiga jaka kafin ƙafarki ta shiga takalmi.

Na gaya wa Anti a ranar, ta ce in dakata da wannan ɓangaren unguwar. Ba mu kai maganar wurin ko'ina ba, wurin ma ba ɓoyayye ba ne, ko akuyar layin ta san shi. Bayan 'yan makonni jami'ai suka kai samame kangon, suka kwashe wasu samari, har da Auwal. Ba hannunmu a ciki. Amma kafin la'asar magana ta zagaya: 'yar gidan mai zoɓo ce take ɗaukar murya tana kai wa hukuma. Masu sayen ƙanƙara suka ɗauke ƙafa. Mai shagon bakin layi, da yake tsokanata da "Malama 'yar jarida", ya koma miƙo min kaya ba ya kallona.

Da rana tsaka abin ya faru, bayan azahar. Na dawo daga ofis, na sauka a keke, na shiga lungun da ke kaiwa gidanmu. Babur ya shigo ta bayana, na matsa jikin bango in ba shi hanya, sai ya gitta ya tsaya. Su biyu ne. Na bayan ya sauko, mai tabo a haɓa. Na san shi, jikan Gwaggo Asabe ne, a kango Kwamanda suke ce masa. Ya fizge jakata ya zazzage a ƙasa, ya ɗauki rikoda.

"Ita ce wannan?"

Na ce, "Ita ce. Ba komai a ciki."

"Kunna."

Kafin in lalubo madannin, ya danna da kansa ya kara a kunne. Ba komai, Anti ta kwashe. Da na yi ƙyuya ranar na wuce gida kai tsaye, muryar wata uwa zai ji tana ba da labarin ɗanta. Ya buga ta da bango, ya taka. Sannan ya zaro wuƙa ya ɗora min faɗinta a kumatu. Bai yanke ni ba. Ya ce, "'Yar rahoto. Mun san ɗakin da kike kwana. Mun san inda Nura yake zuwa karɓar magani. In muka ƙara ganinki a gidan wani da wannan abin, ke da waccan mai wainar, sai dai uwarki ta haifi wata." Suka hau suka tafi. Lokacin da na shigo lungun akwai ƙofofi a buɗe. Da na sunkuya ina tsince kayana, duk a rufe suke. Ban ga laifinsu ba. Na tsinci batir da biro da gutsattsarin rikodar, tunda kayan ofis ne, na zuba a jaka.

Na daina fita. Ko shanya a tsakar gida sai Umma na nan. Anti ta zo, Dakta ya zo ya tsaya a zaure yana ba Umma haƙuri kamar shi ya riƙe wuƙar. Ya ce a nasa ganin a dakatar da aikin a Rafin Guza, a mayar da ni wurin ƙanwar Umma a Mando, a kuma kai ƙara. Ya ce ba binciken da ya kai ran mutum. Amma ya ce aikin ba nasa ba ne shi kaɗai, sai kwamiti ya zauna, kuma ni ce mai maganar ƙarshe a kan kaina.

A tsakar gidanmu aka yi zaman, tunda na ƙi fita. Umma ta fara. "Ni a ba ni 'yata. Ɗaya yana hannun mutanen nan, ba zan ƙara musu ba." Ba wadda ta ce mata a'a. Can Maman Joy ta ce, "Maman Nura, ni ma uwa ce. Amma in ta tafi Mando yau, gobe duk unguwa za a ce ashe gaskiya ne, an gano ta ta gudu. Ke kina nan, Nura yana nan. Waccan baiwar Allah mai waina fa, wace Mando za ta je?" Batun ƙara ma, aka ce kai ta yanzu shi ne buga wa ƙaryar hatimi. Anti ta ce ta ji, amma in aka ƙara min ko da kallon banza ne, za ta kai ba tare da ta tambayi kowa ba. Aka yarda.

Ana cikin haka Inna Mairo ta yi sallama. Ba 'yar kwamiti ba ce, ba wanda ya kira ta. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta ce, "Ni na raka yarinyar nan na kai ta bakin kura." Maman Joy ta ce, "To, Inna, tunda kin iya rakiya, sai ki ƙarasa." Aka yi 'yar dariya, ita kuwa ba wasa take yi ba. Ta ce yaran kangon nan ba daga sama suka faɗo ba, kowanne akwai wadda ta goya shi. Abin da ya sa aka iya tare ni, ana ganin 'yar aiken wasu ce ni. To, a nuna wa unguwa aiken wa nake yi. Kada in ƙara taka lungu ni kaɗai. Matar gidan da na fito ta raka ni har ƙofar gida na gaba, kada ta juya sai ta damƙa ni a hannun matar can.

Dakta ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Ya ce in aka yi haka kowa zai san gidajen da ake tambaya, sirrin da muka yi alkawari ya tashi. Gaskiya ce. Umma ce, wadda ta ce a ba ta 'yarta, ta warware. Ta ce, "Sai ta riƙa shiga har gidajen da ba ruwansu. Ta gaida mai jego, ta duba mara lafiya, ta sha ruwa ta fito. Wa zai san gidan gaisuwa da gidan aiki?" Aka juyo gare ni. Anti ta ce, "Ruƙayya, in kin ce Mando, ni zan kai ki da kaina, kuma ba mai ganin gazawarki." Na ce zan gwada rana ɗaya. Iyakar abin da na iya cewa ke nan.

Kafin ranar su Anti suka je wurin mai unguwa da liman suka bayyana aikin, aka sanar. Ya taimaka, amma sanarwa ba ta bin mutum lungu.

Ranar na sa hijabi na cire ya fi a ƙirga. Umma ta raka ni maƙwabta ta ce, "Ga amanata." Matar ta raka ni gidan mai jego, daga nan aka miƙa ni gidan Inna Mairo. Sabuwar rikoda tana can ƙasan jaka, ban ma fito da ita ba. Da zan tafi Inna ta ja mayafi. Na ce mu bi ta titi. Ta ce gidan da za ta kai ni ta wajen kango yake, kuma yau hannunta a cikin mayafi zai zauna. Ban san yadda aka yi ƙafafuna suka bi ta ba.

A ƙofar Gwaggo Asabe ta tsaya. Na ce a hankali, "Inna, nan an kore ni." Ta ce, "Na sani. Jiya na zo, mun yi tamu ta manya." Ta yi sallama. Tsohuwar ta fito da sandarta, ta dube ni sama da ƙasa. Inna Mairo ta ce, "Ga ta nan, Gwaggo. Na sauke." Gwaggo ta ce, "Na ɗauka." Ba ta ce in shiga ba. Ta kama tsintsiyar hannuna, tana ƙamshin daddawa, ta ja ni muka nufi rumfar.

Jikan nata yana nan zaune a kan babur, da wasu. Suna ganinmu hira ta mutu. Gwaggo ta tsaya daidai inda Inna Mairo ta taɓa tsayawa. Ba ta ce Kwamanda ba.

"Kai, Babangida."

Ya kau da kai.

"Da kai nake, mai fitsarin kwance. Taso ka gaida baƙuwata."

Wani a cikinsu ya fara dariya ya haɗiye ta. Babangida ya ce, "Gwaggo, ki koma gida. Ba ki san ko wace ce wannan ba."

"Na san uwarta tun ba a yanke maka cibi ba. Aikenmu take yi, mu da muka goya ku muka rasa inda za mu sa kanmu. In wuƙarka tana jin ƙaiƙayi, ga kumatuna, ya fi nata laushi."

Bai taso ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Sannu," ban san ko da ni yake ko da ita ba, ya tayar da babur ya tafi. Ƙarar ta sa na durƙusa a wurin ba da niyya ba. Gwaggo ba ta saki hannuna ba har na miƙe.

Yana nan a unguwa har yanzu. Wani lokaci muna haɗuwa, ba ya kallona, ni ma ba na kallonsa, kuma kullum akwai mace a gefena. An saki Auwal, wani mako ya zo ofis, wani mako ba ya zuwa, kamar Yaya Nura. Masu sayen ƙanƙara sun dawo, ba duka ba. Aikin ya rage sauri, don rabin yinina a gaisuwa yake tafiya, na sha kunun gidajen jego har ya gundure ni. Ku ma haka za ku yi aiki, a Badarawa ne ko a Mando. Ba mai tafiya ita kaɗai, ko da ta ce ba ta jin tsoro. Ke mai jan hijabi, har da ke.

Bayan sallah Gwaggo Asabe ta aiko a ce in zo da abin nan nawa. Ta shimfiɗa min tabarma. Na karanta mata takardar yarda har ƙarshe, na ɗora rikoda a kan tsumma, na tambaye ta mene ne abu na farko da ta fara ɓoyewa a ɗaki. Ta yi shiru mai tsawo. Ba lemo a gidan, ruwan randa ta ba ni, na yi ta kurɓa. Ta amsa abin da ta amsa, yana cikin kwamfutar Anti da wani suna. Da muka gama na sa rikoda a jaka, na ja zif, sannan na sa takalmi. Ta ɗauki sandarta ta ce bari ta taka min.

Mun wuce zaure, mun wuce kwana, mun wuce gidan da ya kamata ta miƙa ni. Da ciwon gwiwarta da komai, sai da ta kai ni har ƙofar Umma, tana magana ina rage sauri. Washegari aka raka ni na koma na ce, "Gwaggo, abin nan da kika gaya min a hanya, kin yarda ya shiga?"

Ta ce, "A'a."

To, bai shiga ba. Nan ma ba zai shiga ba.